Baƙon Da Bai Jira Iso Ba

A farkon shekarar 1806 wani jirgi ya tsaya a mashigin Yauri, irin wanda ba a taɓa gani a Kwara ba. Kwalekwale biyu ne aka farke aka haɗa suka zama ɗaya, tsawonsa ƙafa 40, faɗinsa ƙafa 6, an yi masa rumfa da fatun shanu don tare kibiya. Turawan da ke ciki ba su wuce biyar ba, duk zazzaɓi ya rame su. Tare da su akwai bayi uku masu tuƙi da jagora ɗaya, Amadi Fatuma, mutumin da ya ji harsunan bakin kogi. Shugabansu likita ne ɗan Sikotland, Mungo Park. Abin da ya faru tsakanin tsayawar jirgin nan da tashinsa shi ya yi ajalinsa, kuma magana ce ta izinin shiga ƙasar mutane.

A wancan zamani ba a san Yelwa da zama hedikwata ba, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da sarauta a can. Fada tana Birnin Yauri, can cikin tudu, a yankin da yau yake ƙaramar hukumar Ngaski, kuma Muhammadu Albishir Ɗan A'i ne a kan gado. Yauri gari ne na hanya. Fataken Kano da Katsina masu zuwa Gwanja sayen goro suna bi ta nan su ƙetare ruwa, kuma kowane madugu ya san ƙa'ida. Ka iso mashigi ka sauke kaya, ka nemi mai masauki wanda zai tsaya maka, a yi maka iso wurin hakimi, hakimi ya kai labari fada. Ka aika gaisuwa gwargwadon ƙarfinka, ka biya kuɗin fito, sarki ya aiko maka da abinci, ka ba manzo tukuici. In za ka tashi ka nemi sallama, a haɗa ka da ɗan rakiya ya miƙa ka hannun sarkin gaba. Ba hatimi, ba hoto, amma an san ko kai wane ne, wa ya san ka, me ka zo yi, ina ka nufa.

Tambayoyin nan har yau ba su canza ba. Baturen da zai zo Yelwa a yanzu sai ya nemi biza tun yana gida, ya nuna fasfo, ya faɗi inda zai sauka da lokacin da zai koma. In zama zai yi, sai ya karɓi katin izinin zama daga Hukumar Shige da Fice. Ɗan ƙasashen ECOWAS kuwa, yarjejeniyar 1979 ta yafe masa biza har kwana 90. Takarda ce ta maye gurbin manzo.

Park ya san wannan tsari sarai, don ba zuwansa na farko ba ne. Shekara 10 kafin nan, a ƙarshen 1795, ya shiga garin Joag na ƙasar Kajaga, yamma can wajen kogin Sanagal, bai biya kuɗin shiga ba, bai aika wa sarki komai ba. Mahaya suka same shi a masauki suka gaya masa dokar ƙasa, suka kwashe rabin kayansa. A Bundu sai da ya cire shuɗiyar kwat ɗinsa ya ba Almami, sarkin ƙasar. Larabawan Ludamar suka tsare shi wata huɗu cikin wulaƙanci har ya gudu. Da ya isa Segu a watan Yuli na 1796 ya ga Kwara da idonsa, Sarki Mansong bai yarda ya ƙetaro cikin gari ba, amma ya aiko masa da wuri 5,000 da jagora. Wannan tafiya ta koya masa cewa akwai sarkin da zai ƙwace maka kaya, akwai kuma wanda zai ba ka guzuri alhali bai san ka ba. Tsarewar Ludamar ce ta fi zama masa a zuciya.

A 1805 gwamnatin Ingila ta sake turo shi, wannan karo da sojoji. Turawa fiye da 40 suka tashi daga kogin Gambiya, damina ta riske su a hanya, zazzaɓi da atuni suka yi ta ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Da suka iso Bamako a watan Agusta, 11 ne suka rage. Duk da haka a ƙasar Bambara Park ya bi ƙa'ida. Ya tura jagoransa Isiyaka, wanda takardun Turawa ke kira Isaaco, da kyautai zuwa ga Mansong. Wazirin sarki ya zo ya binciki kayansa, ya tambaye shi dalilin zuwansa, ya koma ya faɗa. Mansong ya ba da izini, ya ce baƙon yana cikin amanarsa iyakar inda ikonsa ya kai. A Sansanding aka haɗa jirgin, a can kuma surukinsa Alexander Anderson ya rasu. Wajen 19 ga Nuwamba 1805 Park ya damƙa wa Isiyaka wasiƙunsa na ƙarshe, ya kwance jirgi.

Daga inda ikon Mansong ya ƙare, Park ya yanke shawarar da ta halaka shi. Ba zai sauka a ƙasar kowa ba, ba zai nemi iso ba, ba zai biya fito ba. Zai bi tsakiyar ruwa da bindigogi a ɗure, duk kwalekwalen da ya matso a harbe shi. Haka suka wuce mashigin Tambutu, suka wuce ƙasar Buzaye da ta Gawo, fiye da mil 1,000 na kogi. Wasu daga cikin waɗanda suka taso musu da yaƙi suka zo, babu shakka. Amma wasu masu karɓar fito ne da ke bakin aikinsu, irin aikin da kakanninsu suka yi a wannan ruwa. Amadi Fatuma ya ba da labari cewa a wani wuri kisan ya yi yawa har ya riƙe hannun Laftanar Martyn, ɗaya daga cikin Turawan, yana roƙonsa ya daina harbi, Martyn ya juyo zai kashe shi, sai da Park ya shiga tsakani.

Labarin irin wannan jirgi yana riga jirgin isa. Kuma lokacin ba na wasa ba ne a ƙasar Kwara. Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Birnin Kebbi ya faɗi hannun jama'arsa a 1805, rundunoni suna ta kai-komo a arewacin Yauri. Kowane gari na bakin ruwa kwana yake da ido ɗaya a buɗe. A cikin wannan hali ne fararen mutane masu bindiga, waɗanda ba sa sallama, suka gangaro daga arewa.

A Yauri yarjejeniyar Amadi ta ƙare, domin an ɗauke shi ne ya kai su bakin ƙasar Hausa. Ga yadda shi ya faɗi abin da ya biyo baya. Park ya aike shi wurin hakimin mashigi da bindiga da takobi da turamen farin yadi. Hakimi ya rama da sa, da tunkiya, da tulunan zuma uku, da shinkafa kayan mutum huɗu. Har nan komai ya tafi daidai, baƙo ya yi gaisuwa, gari ya karɓe shi. Sai Park ya ƙara ba da zobban azurfa biyar da albarushi da ƙanƙarar bindiga, ya ce wannan na sarki ne, a kai masa. Hakimi ya karɓa, sannan ya aiko da tambaya ɗaya: shin Turawan nan za su dawo ta nan? Park ya amsa cewa ba zai sake dawowa ba.

Gaskiya ya faɗa, domin niyyarsa ya bi kogin har inda ya ƙare. Amma hakimin ya ji wani abu dabam. Baƙon da zai dawo shaida ne, wata rana zai zauna gaban sarki a tambaye shi me ya aiko. Wanda ba zai dawo ba, kyautarsa ba ta da mai bin sawu. Hakimi ya danne kayan. Washegari jirgi ya tashi. Da Amadi ya je fada gaisuwa, sai ga mahaya biyu daga hakimi suna shaida wa sarki cewa Turawa sun wuce da dukiya mai yawa ba su ba kowa komai ba, kuma wannan jagoran nasu mugu ne, da shi aka haɗa baki. Sarki ya sa aka buga wa Amadi mari, aka ƙwace duk abin da ya mallaka. Amadi ya ce sarki ya tura mayaƙa suka riga jirgin isa Busa, inda duwatsu suka matse ruwa. Aka yi ta ruwan kibau da masu da duwatsu, Turawa suna harbi, bayi biyu suka faɗi. Da Park ya ga ba mafita, ya kama ɗaya daga cikin mutanensa suka faɗa ruwa, Martyn ma haka. Bawa ɗaya ya tsira.

Amadi ya yi wata uku a mari kafin a sake shi. Sai a 1810 Isiyaka, wanda gwamnan Ingilishi na Sanagal ya tura neman labari, ya same shi kusa da Sansanding ya ji wannan bayani, aka buga shi a Landan a 1815. Daga nan ya shiga littattafan makaranta, Yauri ta ɗauki laifin jini.

Amma mai karatu ya lura da abu biyu. Amadi ba ya Busa ranar, yana ɗaure a Yauri, daga bakin bawan da ya tsira ya ji. Kuma Busa ƙasar Bargu ce mai nata sarki, ba wurin da Sarkin Yauri zai tura runduna ya tare mashigi cikin kwana ɗaya ba ne. Akwai wata riwayar, wadda wani Bature, Hugh Clapperton, ya samo a Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ita cewa ta yi Nasaran sun sauka a Yauri, sun sayi guzuri, sun aika wa sarki kyauta, sarki ya ce su dakata zai turo musu manzo, amma tsoro ya kama su suka tashi, jirginsu ya daki dutse a Busa. A Busa kuma daga baya an gaya wa Turawa cewa mutanen gari sun zaci 'yan gaban rundunar Fulani ne suka iso, shi ya sa aka harbe su.

Ni riwayar Sakkwato ta fi kwanta mini, don ta dace da halin mutumin. Wanda ya yi wata da watanni yana gudun gaɓa, in aka ce masa jira manzon sarki, Ludamar zai tuna. Ga shi kuwa manzon nan shi ne abin da ya fi bukata a duniya ranar. Tsakanin Yauri da Busa ruwa ya rarrabu cikin gungu da duwatsu, Gungawa da Kambarin Ngaski sun san wace gaɓa ake bi da rani, wace ake bi in ruwa ya cika. Ɗan rakiyar sarki zai nuna hanya, zai kuma ɗaga murya tun daga nesa ya gaya wa mutanen Busa cewa waɗannan baƙin Yauri ne. Park ya sallami mai yi masa tafinta, ya ƙi jiran wanda zai maye gurbinsa, ya shiga wuri mafi haɗari a kogin ba shi da ko mutum ɗaya da zai yi sallama a madadinsa. Hausawa sun ce baƙo babu sallama mugu ne. Mutanen Busa ba su da wata hanyar sanin cewa likita ne mai auna kogi.

Wannan bai wanke hakimin ba, in har ya aikata abin da Amadi ya faɗa. Mutumin da aka ɗora a ƙofa, ya karɓi haƙƙin sarki ya sa aljihu, sannan ya yi wa baƙo ƙage don rufe satarsa, ya ci amanar kowa da kowa. Wanda ya taɓa tsayawa a kan iyaka yana kallon mai kaki yana juya takardarsa, komai nata cikakke amma ba a miƙo ta ba, ya san irin wannan hakimi bai ƙare ba.

Waɗanda suka biyo bayan Park su suka biya bashinsa. Manjo Gordon Laing, wanda ya isa Tambutu a 1826, an zarge shi a hanya da cewa shi ne Baturen jirgin nan mai harbi, kuma ya rubuta wa gida yana kuka da yadda Park ya ɓata wa na baya hanya. Buzaye suka sassare shi kafin ya isa, aka kashe shi bayan ya fito. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar da dattawan Buzaye ba su manta da jirgin ba bayan kusan shekara 50. Shi kuwa Barth bai taka ƙasar Gwandu ba a 1853 sai da takardar Sarkin Musulmi Aliyu Babba a hannu, a Gwandu ma ya zauna ya jira ta Sarki Halilu. Ya koma gida da ransa. Clapperton ya so ya zo Yauri daga Sakkwato a 1824, Bello ya ce hanya ba lafiya, bai ba shi sallama ba, ya haƙura ya juya. A 1826 ya biyo ta kudu ya sauka a Busa, aka nuna masa inda abin ya faru, amma ya ga mutane ba sa son maganar. Sarkin Yauri ya aiko masa cewa akwai littattafan Park a wurinsa, in ya zo da kansa zai ba shi. Bai je ba, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827.

Wannan saƙo ne ya kawo baran Clapperton, Richard Lander, da ƙanensa John Birnin Yauri a ƙarshen watan Yuni na 1830. Su talakawa ne 'yan Kwanwal ta Ingila, ba soja, ba igwa, jarinsu allurai da maɓallai da ɗan jan yadi. A Busa an riga an nuna musu wani littafin lissafi na matuƙan jirgi da aka tsamo daga ruwa, da 'yan takardu a tsakiyarsa, kuma Sarkin Busa ya ba su wata riga mai ado da aka ce daga jirgin ta fito. Birnin Yauri ya ba su mamaki. Sun rubuta cewa ganuwarsa za ta kai mil 20 zuwa 30 kewaye, da manyan ƙofofi takwas. Sun gaya wa sarki takardun Park suka zo nema, suka ɓoye cewa bakin kogin suke son ganowa. Sarki ya ce ba shi da takarda ko ɗaya. Wani babban Balarabe na fada dai ya nuna musu bindiga mai baki biyu, aka ce tana cikin kyautar da Park ya aiko wa sarki, suka ba da tasu suka karɓe ta. In haka ne, to wani abu daga gaisuwar Park ya isa fada, kuma labarin Amadi yana da ɓaraka.

Su sun shigo ta ƙofa, fita ce ta gagare su. Mako biyar suna neman sallama. Yau a ce hanyar Nupe akwai yaƙi, wanda gaskiya ne, gobe a ce ana rubuta wa Sarkin Ingila wasiƙa. Sarki ya karɓi kayansu bashi, kuɗi bai fito ba. Aka fige gashin wata jimina da ranta aka ce kyauta ce ga Sarkin Ingila, amma bai isa ba, sai su jira wani ya tsiro. Aka shafa wa jiminar man shanu don gashin ya yi saurin fitowa, aka cire kuɗin man, wuri 2,000, daga bashin da suke bin sarki. Ba na jin daɗin wannan ɓangare na labarin, don zalunci ne. Sallama haƙƙin baƙo ce kamar yadda iso haƙƙin mai gari ne, kuma sarkin da ya riƙe ta don ya tatse baƙo ya ba irin su Park hujja. 'Yan'uwan nan biyu suna kwance cikin ɗaki mai duhu, ciwo na cinsu, guzuri na ƙarewa, amma ba su tsallake ganuwa da dare ba. Suka aika wa Sarkin Busa, ya sa baki, aka buɗe musu ƙofa a farkon watan Agusta.

A Busa ma sai da suka ƙara jira, ana ta aike tsakanin Busa da Wawa da Nupe kan kwalekwale da izinin wucewa. Ranar 20 ga Satumba 1830 suka tashi, da manzanni a tare da su, suka wuce ta ruwan da ya ci Park lafiya lau. Yau ba a ganin waɗannan duwatsu. Dam ɗin Kainji da aka gama a 1968 ya shanye tsohuwar Busa da gungu masu yawa, aka tashi mutane wajen 44,000, cikinsu har da Gungawan Yauri da aka mayar tudu.

A Raba hanya ta sake tsayawa. Malam Dendo, mai iko a can, ya raina abin da suka aiko, ya ce ko su ƙaro ko a karɓe musu bindigogi da albarushi. Allurai sun kusa ƙarewa, ba sauran abin kirki a akwati. Richard ya ɗauko rigar nan da Sarkin Busa ya ba su, wadda ya yi niyyar kai wa Ingila don ita ce kusan abin da ya rage na Park, ya aika da ita. Malam Dendo ya yi murna ƙwarai, ya ba su hanya. Can ƙasa da mahaɗar Binuwai, inda ba su da takardar kowa kuma ba wanda ya san su, aka far musu a kasuwar ruwa kusa da Asaba, aka kifar da kayansu, aka kai su gaban Obi Ossai na Abo a matsayin kamammu. Wani basaraken fatake na Biras, wanda Turawa ke kira King Boy, ya fanshe su bisa alkawarin za a biya shi a bakin teku, ya ɗauke su a jirginsa, suka fito teku ta kogin Nun a watan Nuwamba na 1830.